Mai Wankan Gawa a Motar Rogo

A tashar Karaye, muna cikin motar Rogo ana jiran ta cika, na ji wani tsoho yana yi wa magidancin da ke gefensa magana.

"Ɗana, lafiya kake ta tsaki?"

"Yayana ne ke kwance rai a hannun Allah, Baba. Ya aiko in je in yafe masa gonar gadonmu da ya cinye."

"To, sai ka yafe."

"Ba zan yafe ba. Allah ba Ya barin haƙƙin kowa, ko ƙwayar gero ce. Ni ma haka nake."

"Haka ka san Shi?"

"Haka aka koya mini Shi, da bulala."

"Ni wankan gawa nake yi. Masu sa ran rahama, jikinsu da laushi kamar barci suke. Masu irin maganarka kuwa, hannunsu a dunƙule nake tararwa, sai na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba komai a ciki."

"Tsoho, ni za ka tsorata? Ga likkafani na yanko masa, iyakar rabonsa ke nan."

"Mu gani. Yayan naka dogo ne?"

"Dogo ne sosai."

"To, ba zai ishe shi ba." Tsohon ya dube shi daga hula har takalmi. "Awon gajeren mutum aka yanka maka."

Can magidancin ya ciro waya, ya kira gidan yayansa.

"Barira, kara masa wayar a kunne. Yana ji har yanzu?"