Ƙahon Saniya a Daminar Mura

Salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Saratu, matar Bitrus mai aikin reluwe a Malam Maduri. Ku yi haƙuri idan muryata ta yi rawa.

Kun tuna daminar da murar nan ta zagaye duniya har ta iso mu. Ta kwantar da maigidana, ba ya iya haɗiyar komai sai madara. Na ɗauki ƙwarya na nufi wata ruga a bakin fadama. Ina tsugune ina jiran a tatsa, wata saniya mai sabuwar haihuwa ta zaburo ta soke ni da ƙaho a ciki.

Da farko ban ji zafi ba. Na dai ga sama ta juya.

Ruwa ya cinye hanya, don haka masunta suka sa ni a kwalekwale zuwa Haɗeja. Ina kwance, an ɗaure mini ciki da zane, ina kallon balbelu suna wucewa a hankali. Furen bado yana gogar gefen jirgin. Sai na ga kamar ruwan ne a sama, gizagizai a ƙasa, mu kuma muna tafe a tsakani. Na ji mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina yarinya, tana daka a bayan ciyawa, ina ta so in ce masunta su tsaya.

Da muka isa asibiti, wayyo! Babu gado. Masu tari kwance a baranda, wasu a gindin tsamiya. Wani malamin asibiti, shi ma idonsa jajir, ya buɗe zanen ya duba.

"Baiwar Allah, wannan sai tiyata," in ji shi. "Ga shi ɗakin a kulle. Murar ta kayar da likita, masu taya shi aiki duk suna kwance."

Ya wanke ciwon, ya yi mini allura, aka shimfiɗe ni a baranda kusa da wani da ya faɗo daga giginya, shi ma yana jira da karyayyar ƙafa.

A gefena akwai wata tsohuwa, Ya Falmata, mutuniyar wajen Tafkin Chadi, tana jinyar ɗanta. Ba ta san ni ba, addininmu ma ba ɗaya ba. Ta jiƙa bakin gyalenta tana shafa mini a leɓe.

"'Yata, kada ki lumshe ido da yawa," ta ce. "Kira Ubangijinki."

Na kira shi kuwa! Na ce, "Ya Yesu, ba ni da ƙarfin doguwar addu'a. Ga ni. Ga Bitrus shi kaɗai a ɗaki."

Sai barandar ta cika da ruwa mai haske, tabarmi suna yawo a kai. Na ga wani yana tafe a tsakaninsu, yana sunkuyawa wurin kowa. Da ya iso ni ya ɗora hannu a goshina, sanyi ya ratsa ni har ƙafa. Ban ga fuskarsa ba, amma na san shi.

Da na buɗe ido, hantsi ya yi. Ga likita, wani Bature, a kan keke, mai dafa masa abinci yana tura shi don ba ya iya tuƙawa. Ashe malamin asibitin ya je ya gaya masa. A zaune a kan kujera ya yi mini aikin, yana juya kai gefe in tari ya taso. Ya gama da ni, ya ce a shigo da mai karyayyar ƙafar. Haleluya!

Na farfaɗo na tarar tabarmar Ya Falmata a naɗe. Ɗanta ya cika, ta tafi da shi gida. Ban samu damar ko yi mata godiya ba. Ku riƙa tunawa da ita a addu'a.

Ranar da aka sallame ni, Bitrus ne ya zo ɗaukata, ya rame sai ido, amma da ƙafarsa ya zo.

Na gode wa Yesu da ya riƙe raina. 'Yan'uwa, ko an ce muku ƙofa a kulle take, kada ku daina kiransa. Yana zuwa har baranda. Amin.