A Dogarawa Aka Haife Ni, Amma An Kira Ni Baƙuwa

Gaisuwa mai yawa gare ka, mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Ngozi, ina aikin jinya a Landan, ta waya nake jin shirinku.

A Dogarawa aka haife ni. Babana kafinta ne daga Kudu, amma ni da Hausa na buɗi baki. Idan muka je garinsu Baba, dangi su ce ga Bahaushiya ta zo. A Landan kuwa 'yar Afirka ce ni kawai, ko sunan Zariya ba su taɓa ji ba. In na taso daga aiki, ni kaɗai nake yi wa kaina Hausa a kicin.

Kirsimetin bara na zo gida. Gidan da muka yi haya an rushe shi, an gina shaguna, maƙwabta duk sun watse. Na shiga PZ sayen atamfa, muka yi ciniki da mai shago. Sai ya ce, "Madam, kin iya Hausa fa! Baƙuwa ce ke a garin nan?" Na ce a'a, amma na rasa gidan da zan nuna masa. A cikin keke napep na yi ta kuka.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya yi da ransa?

Ina gaida ƙawata Talatu ta Samaru, da muke waƙa tare a coci. Talatu, lambarki ta ɓace mini, ki neme ni ta gidan rediyon nan. Ke kaɗai kika rage da za ki gan ni ki ce, "Ngozi, kin dawo gida?"