Ranar da Aka Kira Golmo Bauta

Malam mai gabatarwa, barka da war haka, kai da masu sauraro. Ni manomi ne daga Manga, ƙasar Zuru.

Watan jiya muka yi bikin ƙanena. Ya daɗe yana golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Mun ɗauko mai jawabi daga birni, mutum mai daɗin baki. Yana karɓar lasifika sai ya ce, "Ango, yau ka fita daga bauta!" Baƙi suka yi dariya. Mu ba wanda ya yi.

Uban amarya ya ture abincinsa, ya ce, "Ashe bawa na ba 'yata?" Ya shige gida. A wurinmu golmo mutunci ne, da shi ake gane namiji zai riƙe iyali.

Da yamma mai jawabin ya sami uban amarya a zaure, ya ba shi haƙuri, ya ce bai san al'adarmu ba. Na yarda, amma da ya tambaya kafin ya buɗe baki. Har yau tsohon bai taka gidanmu ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. Maganar da aka yi da lasifika, a zaure ake ba da haƙurinta?