Gadar da Nake Gani a Rafinmu

Malam mai karanta wasiƙu, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ne Ɗanladi, akawu a wani ofishin gwamnati, ina zaune a Unguwar Sarki, Kaduna.

An buɗe kwalejin kimiyya a Zariya, kuma sun ɗauke ni koyon aikin injiniya. Tun daga ranar hankalina ya bar ofis. Idan na tashi aiki sai in hau kekena zuwa bakin kogin Kaduna, in tsaya ina kallon gadar jirgin ƙasa. A zuciyata nakan ɗauke ta a hankali, in kai ta ƙauyenmu, in ɗora a kan rafin da ke raba ni da mahaifiyata duk damina. Har nakan hango Inna tana takowa a kanta da ƙwaryar dawa, ko bakin zanenta bai jiƙe ba.

Na gaya wa Baba, wan mahaifina da ya riƙe ni. Ya kama hannuna ya juya, ya ce, "Ɗanladi, wannan hannun na alƙalami ne. Mu ba maƙera ba ne, balle ka tuɓe farar riga ka koma dukan ƙarfe."

Na ce, "Baba, can bincike ake yi, ana auna ƙasa da ƙarfin ruwa."

Ya ce, "Ƙarfe dai ƙarfe ne."

Jama'a, ku ba ni shawara, yaya zan shawo kansa ba tare da na saɓa masa ba? Ina kuma gaishe da Inna. Babu rediyo a can, wanda ya ji ya riƙe mata gaisuwar, sai ruwa ya janye ya kai mata.