Zaren Isma'ila da Bakin Gunya

Assalamu alaikum. Mai girma magajin gari, mai gari, Malam liman, dattawan Madarunfa, da baƙin da sunka taso daga Gabi da Ɗan Issa, ina gaishe ku. Hajiya Dije, uwar gida, Allah ya ba ki haƙuri. Yusuf, babban ɗa, sannu. Ina da magana da kai, amma sai an jima.

Ni ne Lawali mai doki. Ban yi lakol ba, wato boko, ba ni da takarda a hannu. An ce in yi minti biyar in zauna. Shekara arba'in na san Isma'ila, ran da ya rasu kuma ba wanda ya aiko mini sai da anka dawo daga kushewa. Saboda haka yau da ake sadakar arba'in ɗinsa zan zauna in na gama.

Ya kasance mai horon doki, irin wanda ba mu da na biyunsa. Mu da linzami mai kaifi munka tashi, mu fizgi baki doki ya ɗaga kai sama, mu ce ya yi kyau. Shi ya ce mana tsoro ne wannan. Ya ce doki sai ya miƙa wuya gaba, ya saki bayansa, ƙafar baya ta taka sawun ta gaba, ya nemi linzami da kansa, sannan ya horu.

Ya kasance mai hora mahayi kafin doki. Kunne, kafaɗa, ƙugu, dunduniya, duk su tsaya a layi ɗaya. Duk wanda ya bi bakin tafki da hantsi ya ji muryarsa: "Saki gwiwa! Zauna da ƙugunka, bar rataya da hannu!" Ba ya korar kowa. Ɗiyan manoma da ɗiyan masu mota duk ya koya musu, dawakin da anka lalata wa baki ya gyara ba adadi.

Ya kasance mai zare a aljihu. Sai ya kwance igiyar linzami, ya haɗa ta da ƙarfen da zaren auduga, ya ce ka zagaya fili sau uku. In zaren ya tsinke, hannunka ya yi nauyi, sauka.

Ni ma ya ɗaura mini, gaban jama'a, ranar kasuwar Gabi. Ban yi taki goma ba ya tsinke. Ya ce, "Lawali, buhun gero ya fi ka iya zama." Anka yi dariya, wasunku na nan zaune, na gane ku. Shekara bakwai ban gaishe shi ba. Shi kuwa duk Salla sai ya aiko mini da zare cikin ƙunshin goro. Wannan ba wulaƙanci ba ne, jama'a? Har yau ina jin zafinsa.

To, Yusuf, ɗana, ga maganar.

Mahaifinka ya bar Gunya, dokin nan mai ruwan madara da ke turke bayan gida. Shekara uku yana aikinsa. Damina ɗaya cur bai hau shi ba, yana biye da shi a ƙasa har ya koyi miƙa wuya. Shekaranjiya na wuce na ga kumfa ja a bakinsa. Na duba, dasashi ya tsage. Ka sa masa linzami mai kaifi, don ka yi wa abokanka alkawarin sukuwa a Gabi ran Asabar, kana so ka fizge bakinsa cikin gudu ya yi maka zamiya a tafa. Kada ka sunkuyar da kai, dube ni. In ka hau shi haka sau biyu, ya daina yarda da hannun mutum ke nan, aikin shekara uku ya bi ubanka kushewa.

Linzamin da kake nema tun jiya, kana zargin maƙwabta, ni na ɗauke. Ga shi. Mai gari, ka shaida, in sata ce a hukunta ni, amma ba ya komawa bakin Gunya ina da rai.

Malam liman, na ga kana mini hannu. Saura kaɗan.

Hajiya Dije, ke ce kan gidan nan yanzu. Ina roƙonki gaban mutane, ki hana zuwa Gabi. A bar bakin ya warke. Bayan nan Yusuf ya same ni bakin tafki kullum da hantsi, in ɗaura masa zare. Ran da ya zagaya sau uku bai tsinke ba, ya kai dokinsa inda ya so.

Za ku ce wane ne Lawali da zai koyar. To ku ji abin da ban taɓa faɗa ba. Zaren da yake aiko mini ban zubar da ko ɗaya ba. A ɓoye nake gwadawa bayan gonata, ina tsinkawa, ina zaginsa. Sai bana, da furfurata, na zagaya sau uku lafiya. Na ce ba ni zuwa in gaya masa, sai ya fara ba ni haƙuri. Ina cikin jiran nan ya kwanta ciwo, ina cikin jiran nan ya tafi. Bai gani ba.

Yusuf, ga ragowar zaren ubanka. Taso ka karɓa. Ba ni zama sai ka taso.

Madalla. Riƙe shi da kyau.

Na gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Isma'ila, ya yalwata kabarinsa, ya sassauta masa kamar yadda ya sassauta wa dabbobin da ba su da bakin kai ƙara. Ni ma Allah ya yafe mini shekara bakwai ɗin nan. Amin. Malam, a yi mana Fatiha.