Sakamakon Jarrabawa a Bakin Jirgin Ukerewe

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma a gabana aka yi, ji na yi kawai.

Muna jiran jirgin ruwa a tsibirin Ukerewe. Wani dattijo ya jingina da ƙarfen gaɓa yana wulwula filash, ɗan ma'ajin bayanan kwamfuta, da zare, ruwa a ƙarƙashinsa. Wata mata mai jakar kwamfuta ta kasa haƙuri, ta kira shi da Mzee, wato dattijo.

"Mzee, wannan ba carbi ba ne fa."

"'Yata, ya fi carbi. Sakamakon jarrabawar makarantarmu ne kaf, zan kai birnin Mwanza. Intanet ya ƙi, ni kuwa ban ƙi ba."

"Daga babbar kwamfutar makaranta ka kwafo?"

"Da hannuna! Shekara ashirin ina magatakarda."

"To ko ya faɗa, akwai na can."

"Wane can? Ni ba na aiki rabi-rabi. Da na gama zubawa, na share wancan tas, na kwashe kwandon sharar ma. Kaya ɗaya a wuri biyu ai ƙazanta ce."

"Mzee, duk duniya wannan kaɗai ya rage, shi ne kake masa lilo a kan kifaye?"

Zaren ya tsaya cak.

"Riƙe mini jaka, 'yata. A'a, riƙe ni."

Ta janyo shi baya, ya tura filash cikin hula, ya dafe da hannu biyu.

Na sulale kafin su ga bajon makaranta a rigata. Makarantarmu ce, kuma na san abin da na rubuta a lissafi. Allah ya yafe mini, goyon bayan kifaye nake.