Sunan Mai Lamba Tara

Safiyar Asabar, Zouera na kallon wasan jikanta a filin ƙwallon yara na unguwar Minguettes a Faransa. Wata yarinya ta zura ƙwallo, sai matar da ke gefen Zouera ta yi hamdala da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Ashe tamu ce!" in ji Zouera. "Ƙanwata, kin ga mai lamba tara? Mace cikin maza, ta ci na biyu, ba mai yi mata guɗa. Ina uwarta?"

"Ƙila tana kusa, Hajiya."

"Wace irin uwa ce? Turawa har tsalle suke yi wa nasu!"

"Ai ba wani abin kirki ta yi ba. Sha ɗaya kawai ta ci bana, bakwai da ƙafar hagu."

Zouera ta dube ta, ta dubi ƙaramar rigar sanyin da matar ta rungume.

"Ɗiyar fari ce?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Bakina bai taɓa kama sunanta ba. Ko a Faransa kunya ba ta bar ni ba."

Ta juyo wuyan rigar, inda aka rubuta suna da biro.

"Don Allah, Hajiya, kira mini shi da ƙarfi."

Zouera ta ja numfashi. "Suhailaaa!"

Sannan ta rangaɗa guɗa.